Lurun da na ajiye a bayan ƙofa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ruwa a kowace ƙasa, bai ba wasu ya hana wasu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Likita ce ta ce in riƙa tafiya da ƙafa saboda gwiwa. Shi ya sa kwanakin baya na hau bas daga unguwar Edmonton a nan Landan na sauka kusa da kogin Lea, wurin da na yi shekaru ina kauce masa da gangan. Na tarar da dogayen gidaje na gilashi sun jeru a bakin ruwa. Mutane suna wucewa da gudu, kowa da waya a kunne, na gaida biyu ko uku babu wanda ya ji ni. A ƙasan ɗaya daga cikin gidajen akwai ɗakin motsa jiki. Ta gilashi na hango samari a jere kan wasu injuna, suna ja da baya suna komawa gaba, wai tuƙin jirgi suke yi. Ga kogi nan a gabansu bai fi taku goma ba, amma babu wanda ya jiƙa ko ɗan yatsa. Na nemi inda rumfar jiragen ruwanmu take a da, na yi sama na yi ƙasa, na kasa cewa ga wurin.

Ni ɗan mai fito ne. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da kwalekwale ya ciyar da mu a bakin Kwara, can ƙasar Yawuri, yana ƙetarar da 'yan kasuwa da awakinsu da buhunansu. Kafin in iya haɗa baƙi a allo na iya kwarfe ruwa da ƙwarya. Yadda aka yi na zo Landan labari ne mai tsawo, ba shi ne a gabana ba yau. Abin da zan ce kawai, na samu aiki a wani asibitin kuɗi a Marylebone, ina tura marasa lafiya a keke daga wannan ɗaki zuwa wancan, council kuma, wato ƙaramar hukuma, ta ba ni wurin zama a bene hawa na goma sha ɗaya. Ban yi aure ba a lokacin. Da asuba in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, da yamma in dawo, in dafa shinkafa a ƙaramar tukunya, in ci a tsaye. Daga Juma'a zuwa Juma'a Hausa ba ta fita daga bakina, sai in na zauna rubuta wa mahaifina wasiƙa da ajami, ina rubutawa ina karantawa da ƙarfi don in ji muryar wani a ɗakin. Yaran yanzu suna danna waya su ga fuskar uwarsu nan take. Mu wasiƙa takan yi wata guda a hanya, amsarta ta yi wata guda, kafin ta iso har ka manta abin da ka tambaya.

A masallacin Regent's Park na haɗu da wani direban bas, mutumin zangon Kumasi, ya girme ni da kamar shekara goma. Ɗan Kumasi nake kiransa, shi kuma ya ce mini Malam, don ya ga ina rubutu da ajami. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "shi" ne a wurinsa, har matarsa. Da ya ji sana'ar gidanmu sai ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu ya ce, "Kai ɗan ruwa ne, ka je ka zauna a sama kamar tantabara? Asabar ka jira ni a ƙasa."

Wurin da ya kai ni wata rumfar kwano ce a bayan gidan sayar da katako, rabinta a rufe da tamfol. Kulob ne na masu tuƙin jirgi, amma ba irin na 'ya'yan manya da ake nunawa a talabijin ba. Ba mu kai talatin ba. Akwai Baturke mai gasa burodi, akwai ɗan Jamaika mai raba wasiƙu, akwai nas-nas, akwai waɗanda aka sallama daga masana'anta ba su da abin yi. Shugabanmu wani tsohon Bature ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran jiragen dakon kaya, kowa Kyaftin yake ce masa. Yana da tari irin na masu taba, tun daga nesa za ka san ya iso. Ran farko da aka ce in shiga jirgi, na zauna ina fuskantar gaba yadda kowane mai hankali yake yi a garinmu. Sai Kyaftin ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗan Kumasi ya ce, "Malam, juya. Mutanen nan ba sa kallon inda za su." Na juya ina jin kunya. Amma da filafili ya shiga ruwa, hannuna ya tuna abin da ya sani. Kafin mu dawo Kyaftin ya daina yi mini gyara, ya koma yi wa Baturke.

Shekara bakwai na yi ina zuwa kowace Asabar bayan sallar asuba, da sanyi da zafi. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar wurin. Kukan filafilai huɗu a cikin maƙallansu na ƙarfe, duk a lokaci ɗaya. Jirgin ƙasa yana wucewa a kan gada. Fukafukan fararen agwagin nan masu dogon wuya idan za su tashi, kamar ana kaɗa jiƙaƙƙen zane. Butar shayi tana fito a kan risho. Aiki kuma ba ya ƙarewa: a share kashin dinya daga katakon da muke sauka, a kankare tsohon fenti, a shafa sabo, a toshe inda yake yoyo, a ɗauko jirgi a kafaɗa mutum huɗu a tafi da shi a hankali kamar makara. Ni aka bar wa toshe yoyo, don na nuna musu yadda mahaifina yake cusa tsumma da bakin wuƙa. Babu wanda ya taɓa tambayata takarda a wurin. In lokacin salla ya yi, ɗan Jamaika ne yake jawo mini busasshen katako in tsaya a kai, ba tare da na roƙa ba. Ban san gidan kowa ba sai na Ɗan Kumasi, ba mu ziyartar juna, amma duk mako ina da inda za a lura in ban zo ba. Wanda bai zauna shi kaɗai a ƙasar wasu ba, ba zai san girman wannan ba.

Sai gidan katako ya rufe, aka sayar da filin, aka ba mu zuwa ƙarshen bazarar nan tasu mu kwashe kayanmu. Can gaba kaɗan akwai wani fili na council, ba komai a cikinsa sai ƙaya da tsofaffin tayoyi. Kyaftin ya ce mu nemi izini mu gina ɗakin ajiye jirage a wurin, na bulo, mai ƙofa da makulli. In an ba mu, kulob ya rayu. In an hana, babu inda za mu kai jirage masu tsawon bas, sai dai mu watse. Wata 'yar ɗaya daga cikinmu ta yi zanen ginin, aka cika fom, aka kai. Ma'aikatan council suka ɗaura sanarwa a jikin turken fitila cikin leda, wai duk mai magana ya rubuto. Masu magana kuwa suka samu. Masu kamun kifi da ƙugiya suka ce za mu kore musu kifi, mutanen sababbin gidaje suka ce za mu tare musu kallon ruwa, wasu suka ce akwai tsuntsayen da suke sheƙa a cikin ƙayar. Wata da watanni ana ta aiko da takardu ana mayarwa.

Wata Asabar kansilolin da za su yanke hukunci suka zo ganin wuri da idonsu. Yawancinsu sun tsaya nesa suna kare takalmansu daga laka. Mace ɗaya ce a cikinsu, dattijuwa mai furfura, ta shigo har cikin rumfa. Ta same ni a durƙushe ina toshe yoyo, ta tambaye ni inda na koya, na gaya mata. Ta daɗe tana saurarona, ta tambayi sunan koginmu, ta maimaita shi har sau biyu don ta riƙe. Da za ta tafi ta ce wa Kyaftin, a gaban kowa, ita ba ta san akwai irin wannan wuri a unguwar ba, kuma abin alfahari ne. Bayan sun tafi Ɗan Kumasi ya dafa ni ya ce, "Malam, kansila ɗin nan yana son mu. Kai ne ka saye shi da tsummanka." Kyaftin ya lissafa da yatsunsa ya ce da ita muna da rinjaye, da ƙyar, amma muna da shi. Nan take ya ce ni zan yi magana a madadin kulob ranar zama, minti uku ake bayarwa. Na ce Turancina ba zai kai ba. Ya ce shi ya sa za su saurara.

Na yi sati biyu ina shirya maganar. Turanci ne, amma da ajami na rubuta shi, don idona ya fi sakewa da shi. Sai dai akwai abin da ya tsaya mini a rai. Matar nan ta shigo cikin laka, ta saurare ni, ta mutunta mu a gaban jama'a, mu kuma ko ruwa ba mu ba ta ba. A gidanmu ba a yin haka. Duk shekara in ruwa ya kawo, mahaifina yakan zaɓi mafi kyawun abin da yake da shi ya tafi gidan Sarkin Ruwa, ba don yana neman komai ba, don dai a san ya san girman mutane. Kuma akwai yadda ake yi. Yakan ajiye kayan a bayan ƙofar zaure, ya shiga ya yi gaisuwa, a yi hirar damina da lafiyar iyali, ya tashi ya tafi bai ambaci komai ba. Yakan ce, babba ba a miƙa masa kyauta a hannu, kada ka sa shi godiya a gabanka. Yakan kuma ce, alherin da ka ba da labarinsa ka riga ka cinye ladansa. Da waɗannan maganganu biyu na yi aiki, kuma su biyun ne suka kai ni inda suka kai ni.

A wancan zamani ana liƙa adireshin kansiloli a allon laburare, kowa ya gani. Ran Lahadi da rana na sa babbar riga, na sayi turare mai kyau da dabino, na ɗauko lurun da mahaifiyata ta ba ni da zan baro gida, saƙar hannu, wanda ko sau ɗaya ban rufa da shi ba don kada ya tsufa. Shi ne mafi kyawun abin da na mallaka. Na sa 'yar takarda a ciki da sunan kulob, ba nawa ba, don ladan ya zama na kowa. Ban gaya wa Kyaftin ba, ban gaya wa Ɗan Kumasi ba, shi da ya fi ni daɗewa a ƙasar, wanda da kalma ɗaya zai tsayar da ni. Ta buɗe ƙofa ta gane ni, ta yi mamaki, ta ce in shigo daga ɗan yayyafin da ake yi amma ba za ta iya yin maganar ginin da ni ba. Na ce ai ba ita ta kawo ni ba, gaisuwa ce kawai. Wannan ma ya ƙara mini ganin girmanta. Muka tsaya a soro minti biyar, ta tambayi lafiyar mahaifina. Da ta juya ta kori karenta, na zura jakar kayan a bayan ƙofa kusa da laimomi. Na fito zuciyata fari ƙal. Da a hannu na miƙa mata, da ta ce a'a a nan take, na koma da kayana, magana ta mutu.

Ranar zama muka je kusan dukanmu, kowa da rigarsa ta fita kunya. Babban ɗaki ne mai kujeru a jere, kansiloli a gaba bayan dogon tebur. Da aka zo kan maganarmu, kafin a ce komai, dattijuwar ta ɗaga hannu. Ta ce wani daga cikin masu neman izinin ya zo gidanta ya bar kaya masu daraja, ba ta gani ba sai bayan ya tafi, ta miƙa su ga ofis washegari. Ta ce ba ta zargin kowa da mugun nufi, amma doka ba ta bar ta ta zauna a kan wannan magana ba. Ta tattara takardunta ta fita. Ba ta kalli inda nake ba, kuma na san don ta rufa mini asiri ne.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Wani daga cikin masu ƙugiya ya yi dariya da ƙarfi. Mutanenmu suna duban juna. Ɗan Kumasi ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Wane jaki ne ya yi wannan?" Can sai na ji shugaban zama ya kira sunana, minti ukuna sun zo.

Na tashi da takardata a aljihu. A cikinta akwai duk abin da ya kamata su ji: mutanen da kulob ya tsamo daga zaman kaɗaici, yadda za mu bar wa tsuntsaye gefensu, lokutan da za mu bar wa masu kifi ruwa. Ban fito da ita ba. Na ce ni ne, kulob bai sani ba. Na shiga ba su labarin mahaifina da Sarkin Ruwa da bayan ƙofar zaure, Turancin yana kakkarye mini, ina neman kalma ina rasawa. Ina cikin haka shugaban ya ce, cikin ladabi, sun gode, amma ba wannan ce maganar da ke gabansu ba, kuma lokacina ya cika. Wato na kashe mana ƙuri'a ɗaya da luru, na kuma kashe mana minti uku wajen wanke kaina. Aka ɗaga hannu, huɗu a nan, huɗu a can. Shugaba ya raba gardama, ya bi masu ƙi.

A waje babu wanda ya zage ni. Wallahi da sun zage ni da na fi samun sauƙi. A garinmu da an taru a kaina, a yi mini tatas, wani dattijo ya ce ya isa, gobe a ci tuwo tare. Nan kuwa kowa ya gyara wuyan rigarsa, ya ce sai Asabar, ya nufi tashar bas. Ɗan Kumasi ya raka ni har ƙofar gidanmu, da zan shiga ya ce, "Malam, ba ka da baki ne? Ni ba ɗan'uwanka ba ne?" Kyaftin kuwa da na je na same shi a rumfa don in ba shi haƙuri, yana kankare wani filafili, bai ɗago ba. Ya tambaye ni me na kai mata. Na gaya masa. Ya tambaya ko bargon mai kyau ne. Na ce mahaifiyata ce ta ba ni. Ya daɗe yana kankara, sannan ya ce, "To, ka kai mata abin kirki." Daga nan bai ƙara tayar da maganar ba, ni ma ban ƙara ba. An ce muna iya sake nema, amma sai wata shekara, mu kuwa sati biyar ya rage mana.

Wani kulob da ke can ƙasa da mu, wajen da kogin ya kusa shiga cikin gari, ya yarda ya karɓi jiragenmu uku masu lafiya, da duk wanda yake iya biyan kuɗin shigarsu, waɗanda ba su da yawa a cikinmu. Asabar ta ƙarshe aka shirya tuƙa jiragen zuwa can. A hanya akwai wuraren da aka tare kogin da manyan ƙyamaren katako, biyu a sama biyu a ƙasa. Sai jirgi ya shiga tsakani an rufe, a murɗa wani ƙarfe ruwa ya ragu, sannan a tura ƙyamaren ƙasa ya fita. Dole mutum ɗaya ya bi ta bakin ruwa da ƙafa yana wannan aiki. Da safen Kyaftin ya ɗaga ƙarfen murɗawar ya tambaya wa zai riƙe. Kujerata a jirginmu ita ce ta biyu daga baya, shekara bakwai babu wanda ya zauna a kanta sai ni. Tun kafin ya rufe baki na ce ni zan riƙe. Na faɗa ne don kada in ji wani ya ce ba ya son zama da ni. Na miƙa hannu a hankali, ina jira wani ya ce a'a, shiga, wurinka ne. Ɗan Kumasi yana ɗaure takalminsa. Baturke yana kallon ruwa. Kyaftin ya dube ni, ya ɗan jima, ya sa mini ƙarfen a hannu. Wata nas ta zauna a kujerata.

Har yau ban sani ba ko fushi ne ya hana su magana, ko kuwa sun ɗauka abin da nake so ke nan, suka bar ni da zaɓina yadda mutanen ƙasar nan suke yi. Na yi ta juya wannan a raina shekara da shekaru. Waɗanda zan tambaya duk sun riga ni, Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu, sauran kuma Shi ya san bayinsa.

Na bi su da ƙafa tun hantsi har azahar ta gota. In sun yi nisa in yi gudu, in iske su suna jirana a bakin ƙyaure, filafilai a kwance a kan ruwa. In buɗe, su shiga, in rufe, in murɗa, in tsaya a sama ina kallonsu suna nutsewa a hankali tsakanin bango biyu masu gansakuka, har sai tsakar kawunansu kawai nake gani. Ban taɓa ganin jirginmu daga waje yana tafiya ba sai ran nan. Ashe haka yake da kyau. A ƙyaure na ƙarshe na jingina bayana da katakon na tura, ya buɗe, jirage uku suka fita ɗaya bayan ɗaya. Da yake masu tuƙi baya suke kallo, duk fuskokinsu suna wajena suna ƙanƙancewa. Ɗan Kumasi ya saki filafili da hannu ɗaya ya ɗaga mini, Kyaftin ya daka masa tsawa ya mayar. Ƙa'ida ce in jirgi ya wuce a rufe ƙyaure a bayansa. Na rufe, na duba ya kama da kyau, na nemi wuri mai tsabta a kan ciyawa na yi sallar azahar.